Duxford: yadda za ka yi wuni guda cikin tsofaffin jiragen sama, har da waɗanda suka san Kano

Na girma a Kurna, dab da filin jirgin Kano, inda idan jirgi ya taso malamin allo yakan yi shiru har ƙarar ta wuce, sannan ya ci gaba da biya mana karatu. Kanikancin mota na koya, shi ne kuma ya kawo ni Ingila, inda nake gyaran manyan motocin bas yau shekara 11. Amma son jirgin sama bai bar ni ba. Duk baƙon da ya sauka a wurina daga gida, in dai yana da wuni guda a hannu, ba kantuna nake kai shi ba, Duxford nake kai shi. Na je sau tara. Zuwan farko asara na yi: na isa ƙarfe biyu na rana a watan Disamba da takalmin zuwa biki, sanyi ya ratsa ni har ƙashi, kafin in gama rumfa ɗaya an fara shirin rufe ƙofa. Abin da na koya daga ranar zuwa yau shi zan zayyana maka.

Duxford tsohon sansanin sojan sama ne a karkara, kimanin mil 10 kudu da birnin Cambridge. An gina shi a ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, sojojin saman Birtaniya suka yi ta aiki da shi har 1961, daga baya hukumar Imperial War Museum ta mai da shi gidan tarihi. Kada ka ɗauka gini ɗaya ne da za ka shiga ka fita. Fili ne fetal, da titin jirginsa da har yau ake tashi ana sauka a kai, da manyan rumfuna a jere, daga ta farko zuwa ta ƙarshe kusan mil guda. Jiragen da ke wurin sun kusa 200.

Shawarata ta farko, wadda duk sauran suka rataya a kanta: kada ka ce sai ka ga duka. Wanda ya yi haka zai koma gida da hotuna ɗari uku a waya da ciwon ƙafa, in ka tambaye shi me ya gani ya ce jirage. Zaɓi bakwai ko takwas ka tsaya a gaban kowanne har ka gane dalilin da ya sa aka ƙera shi haka. Mu kuma 'yan Arewa muna da abin da zai yi mana jagora wajen zaɓi, domin a cikin jiragen nan akwai ire-iren waɗanda suka sauka Kano tun iyayenmu suna yara.

Kafin ka bar gida

Sayi tikiti ta intanet tun kafin ranar, ka kuma duba jadawalinsu da kyau. Akwai ranakun da ake wasan jirage a sararin sama, kamar babban taron watan Satumba. Waɗannan tikitinsu daban ne, ya fi tsada, kuma jama'a kan cika maƙil. Wasan yana da daɗin kallo, amma ba ranar koyo ba ce. In zuwanka na farko ne, zaɓi ranar aiki tsakanin Mayu da Satumba, lokacin da rana take daɗewa ba ta faɗi ba. Ƙarfe 10 na safe ake buɗewa. Ka kasance a bakin ƙofa kafin nan. Da hunturu da wuri suke rufewa.

In da mota za ka, babbar hanyar M11 za ka bi ka fita a mahaɗa ta 10, wurin yana nan gefen hanya, tun daga nesa za ka hango jelar jirage. In jirgin ƙasa ne daga Landan, hau na Cambridge daga tashar Liverpool Street ka sauka a Whittlesford Parkway. Ƙaramar tashar ƙauye ce, ba lallai ka tarar da tasi yana jira ba, don haka ka shirya wanda zai ɗauke ka tun kana hanya, ka kuma yi magana da shi kan dawowa.

Sa takalmin da za ka iya wuni a cikinsa. Ɗauki rigar sanyi ko da rana ta fito tarwai, domin filin jirgi ba shi da abin da zai tare iska, kuma rumfunan kansu sanyi gare su. Akwai wuraren cin abinci, amma ni daga gida nake zuwa da nawa: shinkafa a kula, shayi a filas, da dabino. Ka zo da sallaya da 'yar gorar ruwa ta alwala. Na sha yin Azahar a kan ciyawa a gefe, ba wanda ya taɓa ce mini kanzil. In ana ruwa, tambayi ma'aikata su nuna maka wuri mai shiru. In da yara ƙanana, a zo musu da abin toshe kunne, don tsohon injin jirgi in aka tayar da shi kusa da kai har a ƙirji kake jin sa. In kuma da dattijo za ka, yi maganar keken turawa tun a ƙofa. Haka na yi da kawuna, wanda ya haura shekara 80, ya kuma yi ƙuruciyarsa yana lodin kaya a filin jirgin Kano. Da farko ya ƙi hawa, ya ce shi ba majinyaci ba ne. Bayan rumfa ta biyu da kansa ya zauna.

Karɓi taswirar ranar a ƙofa. Sukan matsar da jirage daga wannan rumfa zuwa waccan saboda gyara ko sabon tsari, don haka wurin da na ambata shi ne inda na bar su a zuwana na ƙarshe. In ba ka ga wani ba, tambayi dattawan nan masu aikin sa-kai da za ka gani tsaye kusa da jiragen. Da yawansu tsofaffin matuƙa ne da makanikai. Ka ce musu daga Kano kake ka ga yadda fuskarsu za ta canja.

Babbar rumfa ta farko

Sunanta AirSpace, tana kusa da ƙofar shiga. Kowa da ya shigo, Concorde, jirgin fasinjan nan da ya fi sauti gudu, yake nufa a guje. Kai ka yi haƙuri, nemi wani ɗan tsohon jirgi mai fukafukai biyu, ɗaya bisa ɗaya, na katako da yadi da wayoyi, mai suna DH.9. Dalili kuwa: ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan saman Birtaniya suka sauka a filin wasan dawaki na Kano, bayan sun taso daga Helwan kusa da Alƙahira, ƙarƙashin wani hafsa mai suna Arthur Coningham. Su ne jiragen sama na farko da Kanawa suka gani da ido. Samfurinsu DH.9A ne, wato ƙanen wannan da ke gabanka, an dai ƙara masa girman fiffike da inji mai ƙarfi. Matsa kusa ka dubi wurin zaman matuƙi. Babu rufi. Kansa a waje yake, iska da yashi suna dukansa, haka aka ratso Sudan da Chadi. Shi wannan na Duxford a Indiya aka tsinto shi, a garin Bikaner, an jibge shi shekara da shekaru a wani ɗaki na fadar sarkin garin har gara ta ci katakonsa, aka kwaso aka sake haɗa shi.

Daga nan ɗaga kai ka nemi Dove, ƙaramin jirgi mai farfela biyu. Irinsa kamfanin jiragen Afirka ta Yamma, wanda aka kafa a 1946, ya fara aiki da shi tsakanin garuruwanmu, tun kafin a haifi Nigeria Airways a 1958. Mutum takwas zuwa goma yake ɗauka, bai kai bas ɗin haya ba.

Sai Hermes. Da wuya ka ga wani ya tsaya masa, don gangar jiki ce kawai, ba fukafukai ba jela. Amma ita kaɗai ta rage a duniya daga irinta, kuma lokacin da BOAC, kamfanin jiragen saman Birtaniya na wancan zamani, ya fara aiki da Hermes a watan Agusta 1950, hanyar da ya fara bi ita ce Landan zuwa Accra, ta Tripoli da Kano da Legas. Kafin shi Avro York ne yake wannan hanya, shi ma yana nan kusa, mai jiki kamar akwati da jela uku. A wancan zamani jirgi ba ya iya dogon zango ba tare da ya sha mai ba, kuma wanda ya ƙetare Sahara daga arewa Kano ce tasharsa. Wannan ne ya sa filin jirginmu ya yi suna tun kafin manyan birane da yawa.

Yanzu ka koyi karanta jirgi kamar yadda bakanike yake karanta mota. Fara da haruffan da ke jikinsa kusa da jela, su ne lambarsa. G na Birtaniya ne, N na Amurka, 5N na Najeriya, 5U na Nijar, 9G na Gana, TT na Chadi, TJ na Kamaru, ST na Sudan, HZ na Saudiyya. Rubuta lambar a takarda. Da ita za ka iya bin tarihin jirgin kaf idan ka koma gida. Bayan lamba dubi inda aka ɗora inji, sannan siffar fiffike, sannan tagogi. Kowane ɗaya amsa ce ga wata matsala da ta taɓa cin rayuka ko kuɗi.

Tagogin Comet za su nuna maka abin da nake nufi. Comet shi ne jirgin fasinja na farko a duniya mai injin jet, ya fara jigila ranar 2 ga Mayu 1952 daga Landan zuwa Johannesburg. A 1954 biyu suka tarwatse a sararin sama kusa da Italiya, ba wanda ya tsira. Masu bincike suka saka gangar jikin wani a cikin katafaren tankin ruwa, suna matsa mata ruwa suna sassautawa dare da rana, har ta tsage. Abin da suka gano shi ne, duk tashin da jirgi zai yi sama sosai ana hura masa iska a ciki don fasinja su iya numfashi, sai jikinsa ya ɗan kumbura, in ya sauko ya koma. Yau da gobe ƙarfen ya gaji, kamar yadda kake lanƙwasa waya gaba da baya har ta karye, kuma tsagar daga kusurwar wuraren da aka huda jikin take farawa. Na Duxford Comet 4 ne, wanda aka ƙera bayan an ɗauki darasi. Dubi tagoginsa, ba kusurwa ko ɗaya, kamar ƙwai suke. Duk jirgin da ka hau zuwa Jidda yau, in ka shafa gefen tagarsa ka ji ta a zagaye, gadon wannan bincike ne. Shi wannan jirgi mai lamba G-APDB, ranar 4 ga Oktoba 1958 ya taso daga New York zuwa Landan a ranar farko da jiragen jet suka fara jigilar fasinja a kan tekun Atlantika.

To, yanzu je ka ga Concorde. Guda 20 kacal aka ƙera tsakanin Birtaniya da Faransa. Wannan na gwaji ne, bai taɓa ɗaukar fasinja mai tikiti ba, ya zo Duxford a 1977, kuma ya taɓa yin gudun mil 1,450 a awa, fiye da ninki biyu na gudun sauti. Akan bari a shiga. Abin da zai fara ba ka mamaki shi ne ƙuncinsa: dogon mutum sai ya sunkuya, taga kuwa tafin hannuna ya rufe ta ruf. A maimakon kujeru za ka ga akwatunan na'urorin awo. Ka fito ka tsaya ƙarƙashin hancinsa. Saboda siffar fiffikensa, idan zai sauka sai ya ɗaga kai sosai, matuƙi ba ya ganin titi, shi ya sa aka yi hancin yana sunkuyawa ƙasa. A sama kuma gogayya da iska tana zafafa jikinsa har ya ƙara tsawo kusan taƙi guda, in ya huce ya koma. Mutanen Nijar da Chadi suna da nasu rabo a labarinsa: ranar 30 ga Yuni 1973 wani Concorde na Faransa ya bi inuwar husufin rana a kan Sahara, masana a cikinsa suka yi minti 74 suna kallon rana a rufe, sannan ya sauka a Fort Lamy, wato N'Djamena ta yau.

Jiragen da ke waje

Nan ne nake so ka fi daɗewa. A kan kwalta akwai jerin jiragen fasinja da wata ƙungiyar masu sa-kai, Duxford Aviation Society, take kula da su. Wuce kai tsaye zuwa mai doguwar jela kamar harafin T da inji huɗu a manne a gindinsa, biyu dama biyu hagu. VC10 ke nan.

Ina tura kawu muka zagayo ta bayansa, sai ya ce, "Tsaya, ɗan nan." Ya dafa hannun keken ya miƙe. Ya daɗe yana kallon injinan bai ce komai ba, sannan ya nuna wata ƙofa a ƙasan cikin jirgin da sandarsa. "Ta nan muke shigar da kaya. In ka shiga ciki a durƙushe kake aiki, ga zafi. Idan ya tayar da waɗannan huɗun kuwa, ko a Fagge kake sai ka sani." Na ce, "Kawu, ka tabbata irinsa ne?" Ya ce, "Wanda ya yi shekaru yana shiga cikin abu ai ba a tambayarsa." Wani dattijon Bature mai sa-kai ya matso, na fassara masa. Ya cire hularsa ya miƙa wa kawu hannu, ya ce shi ma ya kwana Kano sau da yawa yana ma'aikacin jirgi. Suka tsaya suna nuna wa juna sassan jirgin, ba mai jin yaren wani.

Ga abin da za ka duba a jikinsa, da dalili. Iska mai zafi ba ta da kauri, haka ma iskar wuri mai tudu. In iska ta yi sirara fiffike ba ya samun abin da zai dogara a kai sosai, inji ma ƙarfinsa raguwa yake yi, sai jirgi ya buƙaci dogon titi ko a rage masa kaya. Boeing 707 na farko-farko ba ya iya tashi da cikakken lodi daga wurare irin su Kano da Nairobi. Don haka BOAC ya nemi kamfanin Vickers ya ƙera masa jirgin da zai iya da zafinmu da gajerun titunanmu. Suka kwashe injinan Rolls-Royce Conway huɗu suka kai baya, fiffike ya zama fes ba abin da ke rataye a jikinsa, aka samu damar jera masa faifan da ke buɗewa gaba da baya tun daga tushe har kusan ƙarshe. Tsaya a ƙarƙashin fiffiken ka ga layukan faifan nan. Su ne suke ƙara masa faɗi lokacin tashi da sauka, ya ɗaga da wuri, ya sauka a hankali. Injin da ke sama a baya kuma ya yi nisa da tsakuwa da ƙurar titi, fasinja ma ba sa jin ƙararsa sosai. Jigilarsa ta farko, ranar 29 ga Afrilu 1964, Legas ya nufa. Ghana Airways ya saya, Nigeria Airways ma ya yi aiki da shi. Guda 54 aka ƙera gaba ɗaya. Gaskiyar magana, na Duxford shi ne dogon samfurin da ake kira Super VC10, wanda aka fi sa wa hanyar Amurka, amma ƙira ɗaya ce, jini ɗaya. Wasu ranaku ana buɗe shi a shiga; tambaya tun da safe don ka san lokacin.

Kusa da shi akwai ƙarami mai inji biyu a baya, BAC One-Eleven. Duk wanda ya yi zirga-zirga tsakanin Kano da Legas ko Abuja a shekarun 1990 ya san shi, ko bai san sunansa ba. Da Turai ta fara tsananta dokar ƙara, da yawansu Najeriya suka koma aiki. Ni ba na iya tsayawa a gabansa ban yi shiru ba. Irinsa ne ya faɗa kan gidaje a Gwammaja ranar 4 ga Mayu 2002 jim kaɗan bayan ya tashi, mutum fiye da 100 suka rasu, na cikin jirgi da na cikin gida. Ina gareji a ranar, mun ga hayaƙin. In ka zo gabansa ka yi musu addu'a. Allah Ya ji ƙansu.

Tsofaffin rumfuna

Ka ci abinci, ka yi salla, sannan ka shiga rumfunan tsakiya. Uku daga cikinsu tun zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya suke tsaye. Ɗaga kai ka ga rufinsu, katako ne aka saƙa kamar asabari. A nan za ka ji warin da duk bakanike ya sani, na baƙin mai da fetur da fenti, domin da yawan jiragen nan ba gawa ba ne, suna tashi. Za ka ga tire a ƙarƙashin inji yana tarar man da ke ɗiga.

Duxford ne sansanin farko da aka kai wa Spitfire, shahararren jirgin yaƙin Birtaniya na Yaƙin Duniya na Biyu, a watan Agusta 1938, ga runduna ta 19. Nemi mai lamba N3200. Na wannan rundunar ne, an harbo shi a watan Mayu 1940 ya sauka a kan yashin gaɓar teku kusa da Calais a Faransa, yashi ya binne shi, sai a 1986 aka tono shi, a 2014 ya sake tashi. Amma ni Hurricane, abokin yaƙinsa, na fi so ka duba, ko da bai kai Spitfire kyau da suna ba. Zagaya bayansa ka lura da jikinsa daga bayan matuƙi zuwa jela: yadi ne aka ɗame a kan ƙashin bututu da katako, har kana ganin haƙarƙarinsa. Harsashi yakan huda ya wuce, a yi faci a koma aiki. Jirgi ne da aka yi don mai gyara. Kuma ya san ƙasarmu. Daga 1940, da hanyar Bahar Rum ta zama mai haɗari, sai Birtaniya ta riƙa kawo jirage a cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a Gana, a haɗa su a can, su taso rukuni-rukuni ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy, El Fasher, Khartoum, har Alƙahira, tafiyar kusan mako guda. Jirage fiye da 5,000 suka bi wannan hanya. Yawanci wani mai inji biyu da ake kira Blenheim ne yake gaba yana nuna hanya, ƙananan irin su Hurricane suna biye. Blenheim ɗaya tak ya rage a duniya mai tashi, kuma Duxford ne mazauninsa. In ka yi sa'a ka tarar da shi a rumfa.

Kada ka tsallake rumfar gyara. Ana barin baƙi su tsaya bayan igiya su kalli masu aiki. Na taɓa shafe rabin awa ina kallon wani dattijo yana cire ƙusoshin wani faifan alminiyam ɗaya bayan ɗaya, yana jera su a kan takarda bisa tsarin da ya ciro su, ba gaggawa, ba guduma. Yaro mai son aikin hannu, nan za ka kawo shi. Doka ɗaya ce: kada a taɓa jirgi sai an ce a taɓa, musamman farfela.

In aljihunka da nauyi, da rani akan ɗauki mutane shawagi na ɗan lokaci a wani jirgi na shekarun 1930 mai suna Dragon Rapide. Yayansa mai inji huɗu, DH.86, shi ne ya fara jigilar wasiƙu a kai a kai tsakanin Khartoum da Kano a 1936. Ban hau ba tukuna, amma na tsaya a bakin shinge na ga tashinsa, a hankali kamar shamuwa.

Rumfar Amurka

Tana can kusan ƙarshen fili, mai rufin kankare kamar ƙoƙo a kife da bangon gilashi. An buɗe ta a 1997, kuma girman jirgi ɗaya aka auna aka gina ta: B-52, jirgin jefa bam mai inji takwas, faɗin fukafukansa mita 56. Sauran jiragen duk a ƙarƙashinsa da kewayensa aka cusa su. Nemi baƙin nan mai kama da kan mashi, jirgin leƙen asiri SR-71. Shi kaɗai ne irinsa da ake nunawa a wajen Amurka, yana gudun da ya ninka na sauti sau uku, kuma wannan ɗin ne a 1976 ya kafa tarihin tafiya a tsayin ƙafa 85,069. Da ƙarfen taitaniyam aka yi shi, an bar 'yar tazara tsakanin sassansa don zafi zai kumbura su, shi ya sa in yana ƙasa mai yake zubarwa.

A wannan rumfa nake roƙon iyaye abu ɗaya. Yara za su yi ta tsalle suna sha'awa, kuma ƙirar abin sha'awa ce. Amma ka gaya musu aikin da aka yi waɗannan jirage dominsa. B-29 da ke nan, irinsa ne ya jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima da Nagasaki a watan Agusta 1945. B-52 ya yi ruwan bama-bamai a Vietnam. Na kai ɗana ƙarƙashinsa inda ƙofofin bam suke, na ce ya dubi girman ramin, ya tuna a ƙasa akwai gidaje da mata da yara irinsa. A hanyar shiga kuma akwai jerin faifan gilashi da aka zana wa hoton kowane jirgin Amurka da ya tashi daga Birtaniya a Yaƙin Duniya na Biyu bai dawo ba, sun haura 7,000. Bi su a hankali da ƙafa. Kowane ɗan zane akwai samari a cikinsa, wani ɗaya, wani goma.

Daga nan sai juyowa, kuma ka tuna kusan mil guda ne zuwa ƙofa. Ka bar wa kanka minti 40, ka kira mai tasi tun kana hanya. In La'asar ta yi, yi ta kafin ka fita, don ƙaramar tashar jirgin ƙasan ba ta da wurin da za ka sake.

A hanyar komawa za ka sake wucewa ta gaban VC10. Ɗauki hotonsa daga baya, inda injinan huɗu da jelar suka fito sosai, ka aika wa wani dattijo a gida wanda ya yi aiki a filin jirgi ko ya yi tafiya a wancan zamani, kada ka rubuta sunan jirgin. Haka kawu ya sa na yi wa abokinsa da suka yi lodi tare, wanda yanzu yake zaune a Rijiyar Lemo. Ba mu kai ga mota ba wayar ta yi ƙara. Kawu ya karɓa, ya kara a kunne, ina jin muryar tsohon daga inda nake tsaye yana cewa, "Malam, ina ka samo mai huɗu a gindi?"